Babi na Shida: Hannu Ke Ɗagawa, Ƙafa Ke Saukewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin ta iso Birnin Ƙonni, sa'an nan ta ratsa Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi, musamman da la'asar sakaliya a ranar da aka ɗaura auren wani saurayi mai jama'a, ko kuwa kashegarin Salla sa'ad da aljihun samari bai riga ya huce ba, lalle ya ga abin da za mu yi magana a kansa cikin wannan babi, wato ayarin babura suna tafe suna ruri kamar hadarin gabas, can sai ɗaya daga cikinsu ya fice daga sahu, ya ɗaga tayar gaba sama, ya yi tafiya mai nisa a kan taya guda, 'yammata suna guɗa, yara suna bin ƙura da gudu, dattawan da ke zaune gindin bedi suna salati suna girgiza kai. Mai kallo yakan zaci ƙarfin damtse ne, ko ƙarfin inji, ko kuwa wani asiri da aka ɗinke cikin laya. Alhali kuwa sirrin abin yana wurin da idon mai kallo ba ya zuwa, a kan yatsu biyu na hannun hagu da kuma tafin ƙafar dama.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Adar da ta Ƙonni, abin hawan ne kurum ya sake. Kakannin waɗannan samari, a zamanin da Illela take cike da dawakin Sarkin Adar, sun san sukuwa, sun san zamiya, sun san yadda barde ke sakin doki a guje har ya zo gab da inda sarki yake, sa'an nan ya ja linzami, doki ya zame a kan ƙafafun baya, ya miƙe, a yi jinjina. Kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin barada ya ji suna cewa ba a auna mahayi da yadda yake sakin doki, domin wannan ko bara ya iya, ana auna shi da yadda yake karɓe shi. To, ƙiyasin a fili yake: totur shi ne ƙaimi, birki shi ne linzami. Amma kuloci, wanda kanikawan da suka koyi sana'a da kalmomin Faransanci suke kira ambiriyaj, shi ba shi da takwara a cikin kayan doki, saboda haka ya wajaba mu tsaya mu yi bayaninsa filla-filla.

Mafi yawan baburan da ke yawo tsakanin Ƙonni da Badagishiri da Tajaye, irin su Kasea da Haojue da 'yan'uwansu na ƙasar Sin, da kuma Bajaj na ƙasar Indiya, ƙananan injuna gare su, masu ƙarfin doki 10 ko 11 ko abin da bai kai haka ba, kuma da yawa daga cikin na ƙasar Sin jikoki ne na wani babur da kamfanin Honda na Japan ya fitar a shekarar 1975, mai suna CG125, wanda aka ƙera da niyyar ya jure wa ƙura da wahala da ƙarancin kulawa a ƙasashe irin namu. Idan bakanike ya kwance murfin injin na gefen dama, za ka ga wani kwando, a cikinsa an jera faya-fayai kamar yadda ake jera faifan rufe ƙwarya: ɗaya mai kaushi, ɗaya na ƙarfe mai santsi, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai santsi, har masu kaushin su kai huɗu ko biyar, dukansu suna wanka cikin baƙin mai, kuma akwai sifirin masu ƙarfi da ke matse su wuri guda. Masu kaushin suna juyawa tare da inji, masu santsin suna haɗe da giya, ita kuwa giya da sarƙa, sarƙa da tayar baya. Idan ka matse hannun kuloci har ƙarshe, waya ta ja, faya-fayan suka saki juna, inji ya yi ta kukansa shi kaɗai ba abin da ya isa taya. Idan ka sake shi gaba ɗaya suka manne suka zama abu guda. Amma tsakanin waɗannan halaye biyu akwai wani hali na uku, ɗan taƙi wanda faɗinsa a hannun kuloci bai wuce kaurin yatsa ba, inda faya-fayan ke taɓa juna suna zamewa, suna miƙa wa taya wani kaso na ƙarfin inji suna riƙe saura. A cikin wannan ɗan taƙi ilimin duka yake zaune. Mai kabu-kabu yana ratsa shi sau ɗaruruwa a yini ba tare da ya san sunansa ba; gwanin wasa kuwa a nan yake kafa bukkarsa.

Dalilin da ya sa ake bukatar kuloci wajen ɗaga gaba shi ne ƙanƙantar injin. Manyan baburan tsere na Turai da Japan, masu ƙarfin doki fiye da 100, murɗa totur kaɗai ya isa ya tashi kansu. Namu kuwa, babur mai nauyin kilo 100 da ɗoriya, ga mahayi a kai, ko ka murɗa totur har ya tsaya ba abin da zai yi illa ya ƙara gudu. Hikimar da aka gano ita ce a tara ƙarfin a sake shi lokaci guda, tamkar yadda ake datse ruwa a bakin kwami cikin lambunan albasar Galmi sa'an nan a fasa datsiyar. Mahayi yana tafe sannu a giya ta ɗaya, gudun da bai fi sassarfar mutum ba, ya matsa baya kan sirdi, ya ja kuloci da yatsu biyu gwargwadon yadda faya-fayan za su saki, ya ɗan murɗa totur injin ya ɗaga murya, sa'an nan ya saki kuloci da sauri amma ba da jifa ba. Ƙarfin da ya taru a juyawar inji sai ya faɗa wa tayar baya a cikin ƙiftawar ido, taya ta yi gaba, gangar babur ta makara, kai ya tashi. Wanda ya taɓa tsayuwa a kan amalanke sa'ad da shanu suka zabura ba zato ya san wannan a jikinsa, domin baya ya tafi. Haka kuma ya san cewa da shanun suka tsaya cak, gaba ya tafi. Wannan kashi na biyu shi ne aikin birkin baya, kuma shi ne rukunin da samarinmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari mu yi tahaƙiƙin mas'alar, domin a nan ake karyewa. Babur da ya tashi a kan taya guda yana da wani matsayi wanda nauyinsa da na mahayinsa ke sauka daidai bisa inda taya ta taɓa ƙasa, kamar mizanin da aka daidaita, ba rinjaye gaba ba rinjaye baya. Ƙasa da wannan matsayi kan babur yana son faɗuwa gaba, totur ne ke riƙe shi. Bayan wannan matsayi kuwa yana son kifewa baya a kan mahayinsa, kuma ba abin da zai komo da shi sai a rage gudun tayar baya, ko da rufe totur, wanda aikinsa ke da nawa, ko da taka birki, wanda aikinsa nan take ne. Ɗan koyo, saboda tsoro, yakan tsaya can ƙasa da mizani, ya yi ta ƙara totur don kada kai ya sauka, gudu ya yi ta ƙaruwa, har injin ya kai iyakar numfashinsa, sa'an nan kan babur ya fāɗo da ƙarfi a daidai lokacin da gudu ya fi yawa, kuma sau da yawa a daidai lokacin da akuya ko yaro ya shigo hanya. Gwani kuwa yakan tashi sama sosai, kusa da mizani, inda ɗan totur kaɗan ya ishe shi, ya bar tafin ƙafarsa a kwance bisa birki yana shafa shi kamar mai lallashin jariri, shi ya sa za ka ga yana tafe a hankali, har mai tafiya ƙasa ya iya jerawa da shi. Saboda haka idan ka ga mutum biyu suna wannan wasa, ɗaya ya wuce ka kamar kibiya ɗaya kuma yana tafe kamar raƙumin da aka ɗora wa amarya, kada guɗar 'yammata ta ruɗe ka game da wanda ya fi.

Akwai wata illa a cikin ɗabi'ar ɗan Adam wadda take yaƙi da wannan ilimi, kuma sai an yi mata tarbiyya mai tsawo. Idan babur ya tashi fiye da yadda mutum ya zata, jiki yakan yi abu biyu ba da shawarar hankali ba: ƙafafu su bar matakansu su nemi ƙasa, hannaye kuma su ƙanƙame kan babur. To, ƙafar da ta nemi ƙasa ta bar birki ke nan, hannun daman da ya ƙanƙame kuwa, tun da jiki yana zamewa baya, murɗa totur yake ƙara yi ba da saninsa ba. Sai ka ga babur ya tsere daga ƙarƙashin mai shi ya tafi shi kaɗai cikin jama'a, shi kuwa ya sauka a kan ƙeya. Na taɓa zama a rumfar wani tsohon bakanike a gefen Ƙonni, sa'ad da wani yaronsa ya komo yana ɗingishi da wando a yage, yana rantsuwa cewa babur ɗin ne ke da aljannu. Tsohon bai ɗaga kai daga kabiretan da yake wankewa ba, ya ce masa, “Kai yaro, sa'ad da shi tashi, ina ƙahwakka ta dama?” Yaro ya yi shiru, can ya ce, “Wallahi Baba, ban sani ba.” Tsohon ya ce to aljanin ke nan.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da birkin da muke dogara da shi. Waɗanda suka mai da wannan wasa sana'a a Turai da Amurka suna sake wa babur halitta kafin su hau: suna sa birkin faifai mai aiki da mai, suna ƙara wani hannun birkin baya a gefen hagu kusa da kuloci domin su iya tsayuwa kan sirdi ba su rasa linzami ba, suna sa babban faifan sarƙa a baya don babur ya yi ƙarfi a ƙaramin gudu, suna kewaye inji da ƙarafan kariya, su kansu kuma ga hular kwano ga safar hannu ga takalmi mai rufe idon sawu. Namu kuwa birkin ganga ne, takalma biyu a cikin tukunyar taya, ana buɗa su da sandar ƙarfe mai kunnen daidaitawa a ƙarshenta. Irin wannan birki yana aiki idan an kula da shi, amma ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, ruwan koramun Magiya da damina yana jiƙa shi ya ƙi kamawa sai ya bushe, zafi kuma yana sanyaya masa gwiwa idan an daɗe ana taka shi. Littattafan masu ƙera irin waɗannan babura sun ƙayyade cewa matakin birkin baya ya yi wasan santimita 2 zuwa 3 kafin ya fara kamawa, hannun kuloci kuwa santimita 1 zuwa 2. Je ka tasha ka gwada babura goma, ka ga nawa ne sai ƙafa ta kusa taɓa ƙasa kafin birki ya amsa. Sa'an nan ka dubi abin da ke ƙafar mahayin, silifas ɗin roba da ya sha gumi. Ban ce kome ba game da bakin riga mai yalwa da ke kaɗawa kusa da sarƙa.

Shi kuma birkin gaba, an yi masa ƙazafi a ƙasar nan wanda bai cancanta ba. Za ka iske masu kabu-kabu da yawa sun sassauta shi har ya zama ado, suna cewa shi ke kā da mutum. Haƙiƙa yana kā da wanda ya fizge shi, musamman a kan rairayi ko tsakuwar hanyoyin ƙauye ko inda aka zubar da baƙin mai, domin tayar gaba idan ta daina juyawa ba ta da sauran biyayya. Amma a kan busasshiyar kwalta shi ne ke ɗauke da kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, saboda nauyi duka gaba yake komawa idan an rage gudu. Sharaɗinsa a matse shi daki-daki, da farko a hankali har kan babur ya nitse taya ta kama ƙasa, sa'an nan a ƙara, kamar mai tatsar nagge. Da wannan ne gwanaye ke ɗaga tayar baya su tsaya a kan ta gaba, wanda shi ne kishiyar wasan farko. Amma ra'ayina shi ne, da birkin ganga da tayar da ta sha hanya har zanenta ya goge, neman wannan wasa a baburanmu ganganci ne tsantsa, kuma ba zan ɓata tawada wajen koyar da shi ba.

La'alla mai karatu ya ce, to da me ake farawa? Ana farawa da abin da ba wanda zai yi maka guɗa a kansa. Ka sami fili mai tauri, ka ajiye tsofaffin tayu biyu da tazarar taku goma sha biyu, ka yi ta kewaya su kana saƙa tsakaninsu da gudun mai tafiya ƙasa, totur a tsaye wuri guda, kuloci a cikin ɗan taƙin nan da muka ambata, ƙafa tana jan birkin baya kaɗan-kaɗan, ido yana duban inda za ka ba inda kake ba, har ya zama kana iya yin haka ba ka sa ƙafa ƙasa ba, sa'an nan ka rage tazarar. Bayan wannan ka koyi ɗaga kai kamu ɗaya tak daga ƙasa, kuma kowane ɗagawa ka sauke shi da birki da gangan, ko da zai sauka da kansa, sau ɗari, sau ɗari biyu, har ƙafar ta haddace karatunta yadda ɗalibi ke haddace allonsa, ta riƙa kawo shi ba sai an tambaye ta ba. Wajen sauka kuma a riƙe kai a miƙe, a ɗan ƙara totur don taya ta taɓa ƙasa da ladabi. Abin sha'awa, kashin farko na wannan horo ya fi amfanar wanda bai taɓa tunanin wasa ba: mutumin da ya ɗauro buhun albasa biyu daga Dogarawa, ya iso mashigin rairayi, da wannan ilimin ne zai fita ba tare da ya ƙona kuloci ko ya zube ba.

Ƙanƙantar inji ba ta hana gwaninta, kuma akwai hujja a kan haka daga ƙasar da ta ƙera asalin baburanmu. A shekarar 1991 wani mutumin Japan, Yasuyuki Kudo, ya yi tafiyar kilomita 331 a kan taya guda bai sauke ba, kuma a 2017 wani ɗan ƙasarsu, Masaru Abe, ya wuce kilomita 500 a kan ɗan ƙaramin babur na Yamaha irin wanda mata ke hawa zuwa kasuwa, ya shafe kimanin sa'a 13 yana abu guda. Dukansu biyu a cikin killataccen fili suka yi, inda ba jaki, ba mai tallar fura, ba tirela.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke damuna. Wasan yana da kuɗin da ake biya ko da ba a faɗi ba: faya-fayan kuloci suna ƙonewa, sarƙa tana miƙewa, ƙwallayen wuyan babur da robobin shoka suna lalacewa da kowace muguwar sauka, kuma idan babur ya daɗe a tsaye kan taya guda baƙin mai yakan taru a bayan inji ya bar famfonsa yana shan iska. Idan abin hawan naka ne, kai da aljihunka. Amma sau nawa ne na mahaifi, ko na maigidan da ake kai wa balas kowane dare, wanda ya ba da shi amana don a nemi abinci? Ga kuma haƙƙin mai tafiya a hanya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Ƙonni da Illela kamar yadda ake karanta ta a Sakkwato, an ɗora wa mahayi lamunin ɓarnar da dabbarsa ta taka, alhali dabba tana da ranta da nata ra'ayi. Ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai da izinin hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma hanya ce kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai tsaran masu ɗagawa da masu bin su da gudu. Lissafin kuwa ba ya bukatar malami: mai gudun kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi, balle ga wanda babban birkinsa ke rataye a sama yana kallon gajimare.

Baradan dā ba su yi sukuwa a tsakiyar kasuwa ba. Suna da filinsu a ƙofar fada, suna da ranarsu, akwai dogarai masu kore yara, akwai manya masu cewa wane ya isa wane bai isa ba tukuna. Jikokinsu kuwa sun gaji zamiyar ba su gaji filin ba, sai suka koma yin ta a kan hanyar da manyan motocin siminti ke fitowa daga Malbaza, wadda masana'antarta ke aiki tun shekarun 1960, da motocin albasa masu gangarawa kudu, da tankokin mai, hanyar da asibitin Galmi ke zaune a bakinta tun 1950 yana karɓar abin da ta kawo masa. Ni ban ga alamar hani kaɗai zai kashe wannan wasa ba, gama jinin samartaka ba ya jin shela. Abin da na fi zato zai yi amfani shi ne masu unguwanni da shugabannin 'yan kabu-kabu su keɓe fili a bayan gari, filin ƙwallo ko busasshiyar fadama da rani, a sa sharaɗin hular kwano da takalmi, a sa wani babba ya duba birkin kowa kafin ya shiga.

Tsohon bakaniken nan da na ambata yana da tasa ƙa'ida, wadda ya kafa tun bayan ranar aljannu. Duk yaron da ya zo masa da maganar wasa, sai ya ɗora babur a kan jaki na tsakiya, inji a kashe, ya sa yaron ya hau, shi kuma ya tsuguna a baya yana juya tayar da hannunsa, ya riƙa jan yaron da hira a kan kokawa ko farashin gero, can ba zato ya daka masa tsawa. Idan taya ta tsaya kafin tsawar ta ƙare, ya ba shi makulli. Idan kuwa ta ci gaba da juyawa, sai ya miƙa masa tsumma da kwanon kananzir, ya nuna masa sarƙar da ke jiran wanki.